Yadda Ake Haƙa Tassa da Rabin-Wata Don Riƙe Ruwan Sama a Gonar Fako

Tun bayan girbi manoma ke ta aiko da tambaya iri ɗaya, musamman daga arewacin Sakkwato, Katsina da yankin Tawa: ruwa yana sauka, amma kwana goma da ɗaukewarsa gero ya fara murɗe ganye, mene ne abin yi ga wanda ba shi da rijiyar burtsatse ko injin ban-ruwa? A gonar da ƙasarta ta yi tauri, yawancin ruwan da shuka ke nema ya riga ya sauka, gangarewa ya yi ya tafi kwari. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Ke nan ruwan milimita 20 a hekta ɗaya lita 200,000 ne, kuma a fako kaso mai yawa na wannan ruwa ba ya shiga ƙasa.

Tassa ƙananan ramuka ne da ake haƙawa da rani, a zuba musu taki, su tare ruwan a gindin shuka. A Burkina Faso ana kiransu zai, kuma marigayi Yakuba Sawadogo na yankin Yatenga ya yi suna a kansu har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun je Yatenga a ƙarshen shekarun 1980, suka gani, suka dawo suka farfaɗo da filayen da aka daɗe da sallamawa. Ga yadda aikin yake daki-daki.

1. Duba ko gonarka ta dace

Ba kowace gona ke son tassa ba, kuma a nan ne mutane da dama ke asarar guminsu. Tassa ta fako ce: ƙasa mai tauri wadda samanta ya yi ɓawo, ko mai tsakuwa da marmara, wadda ko ciyawa ba ta fitowa a kanta sosai. Gangarenta ya zama mai sauƙi, wanda ruwa ke bi a shimfiɗe ba da gudu ba. Ta fi amfani a inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 zuwa 800.

Gwajin ba shi da wuya. Zuba ruwa bokiti guda a wurin da kake tunani. In ya bazu ya gangara, ya bar ƙasan ƙarƙashi a bushe da ka tona da yatsa, wurin tassa ne. In ya nutse nan take, ba ka bukatar rami.

Hattara: kada ka haƙa tassa a jigawa mai yashi. Ruwa yana shiga yashi da kansa, kuma iska da ruwan farko za su rufta ramukan su binne tsiro. Haka nan kada ka haƙa a fadama ko ƙasar laka mai kwantar da ruwa, domin ramin zai zama tafki, saiwa ta ruɓe.

Akwai wata magana da ba ta shafi fartanya ba amma ta fi komai muhimmanci. In filin na aro ne ko na haya, ko na gado da ba a raba ba, a zauna gaban mai gari da shaidu kafin ka sa diga, a ƙayyade shekara nawa za ka noma shi, in da hali a rubuta. Fako ba shi da mai nema sai ranar da ya fara ba da dami. A yankin Illela filayen da a da ake bayarwa kyauta sun koma abin saye da sayarwa bayan da tassa ta bazu.

2. Kayan aiki da lissafin abin da zai ci

Za ka bukaci diga don fasa ƙasa, fartanya mai kauri ko shebur don kwashe ta, baro ko kwando don ɗaukar taki, igiya mai tsawon mita 20 zuwa sama, turaku, da sanduna. Yanke sanda guda mai tsawon mita 1 don tazara, da wata guntuwa mai santimita 30 wadda ka yi wa tsaga a santimita 15 don faɗi da zurfi. Awon ido yana yaudara idan gajiya ta zo, ramukan la'asar sukan fi na safe ƙanƙanta.

Ba zan ba da farashi ba, domin kuɗin ƙwadago da na taki a Gada daban yake da na Badagishiri, kuma yana canjawa wata zuwa wata. Abin da ba ya canjawa shi ne adadi, sai ka ninka da farashin garinku. In tazara mita 1 ce ta kowane gefe, hekta tana cin rami 10,000. In santimita 80 ce, ramukan sun kai 15,625. Takin gargajiya giram 300 a kowane rami, wato cikin tafi biyu, ya zama tan 3 a hekta mai rami 10,000. Aikin haƙa kuwa ana ƙiyasta shi awa 300 a hekta, kuma a marmara mai tauri ya fi haka nesa.

Shawarata ita ce kada ka fara da hekta. Ɗauki rubu'inta, mita 50 sau mita 50: rami 2,500, taki kilo 750, aiki aƙalla awa 75. Mutum ɗaya mai yin awa biyar a rana zai gama cikin kwana 15, gayyar mutum 15 kuma tana iya ci masa da safiya guda in ƙasar ba ta yi gardama ba. Abin da ke ƙayyade girman filinka shi ne yawan takin da kake da shi, ba ƙarfin damtsenka ba. Fara ƙirga taki, sannan ka san rami nawa za ka haƙa.

In za ka ɗauki 'yan ƙwadago, biya da yawan rami ya fi biya da yini, amma ka ba kowa sandar awo kuma ka zaga da kanka. Wanda ake biya da ƙirge yakan yi maka ɗan kwarmi ya ce rami ne.

3. Gano hanyar ruwa ka fitar da layi

Layin ramuka dole ya gitta gangare, ba ya bi shi ba. Wanda ya san gonarsa da damina ya san inda ruwa ke shigowa da inda yake fita. In ba ka tabbata ba, dubi inda kara da kashin awaki suka taru bayan ruwan bara, da 'yan ƙananan kwazazzabai da suka fara tsagewa.

Don layin ya fita daidai, haɗa ma'aunin sanda uku. Ɗaure sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2 kowace, a kai, ka ware ƙafafunsu, ka gitta ta uku a tsakiya. Rataya igiya daga saman da dutse a bakinta, ta sauko ta wuce sandar tsakiya. Tsayar da shi a ƙasa, ka sa alama a inda ƙafafun suka taka, ka kuma yi tsaga a sandar tsakiya daidai inda igiya ta tsaya. Juya shi, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ka sake tsaga. Tsakiyar tsaga biyun nan ita ce alamar daidaito. Daga nan sai ka riƙa tafiya da shi: kafa ƙafa ɗaya, ka motsa ɗayar sama ko ƙasa har igiya ta zauna a kan alamar, ka kafa turke, ka juya ka ci gaba. Wanda yake da siririn tiyo mai haske irin na magina yana iya amfani da shi, ya ma fi sauri.

Ba sai ka auna kowane layi ba. Layi ɗaya a kowane mita 20 zuwa 30 ya isa, sauran sai su bi shi da igiya.

Hattara: layin zai fito a karkace, yana lanƙwasa. Bar shi haka. Mutane sukan miƙar da shi don kyan gani, sai ruwa ya taru a wuri guda ya ɓalle.

4. Tare ruwa daga sama da jerin duwatsu

In ruwan gonakin da ke sama da kai yana kwararowa cikin taka, ramuka kaɗai ba za su iya da shi ba, zai cika su da yashi a dare ɗaya. Kafin haƙa, yi jerin duwatsu a kan layin da ka auna, ka fara daga can saman gona. Tona ɗan kwari mai zurfin santimita 10 zuwa 15, ka jera manyan duwatsu a ciki, ka cusa ƙanana a tsakaninsu ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, tsawon jerin ya kai santimita 20 zuwa 30 a bisa ƙasa. Tazarar jeri da jeri tana tsakanin mita 20 zuwa 50, gwargwadon tsananin gangare.

Dalilin da ya sa dutse ya fi tudun ƙasa shi ne ba ya hana ruwa wucewa, ƙarfinsa kawai yake karyawa, ya tace laka da taki su zauna. Tudun ƙasa kuwa yana tare ruwa har ya fashe. Inda babu dutse, a dasa gamba a jere da damina. Ko inda akwai dutsen ma, gamba a bayansa tana ƙarfafa shi, ga ta kuma abin zana.

5. Haƙa ramukan

Lokaci mafi kyau daga bayan girbi ne zuwa watan Afrilu. Wanda ya fara a Nuwamba ko Disamba yana samun ƙasa da sauran laushi, ga sanyi, ga abinci a rumbu. Wanda ya bari sai bazara zai haɗu da ƙasa kamar ƙarfe, zafin rana, da rumbun da ya yi ƙasa, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu tafiya ci-rani su yi ƙoƙari su haƙa ko da rabi kafin su tafi. Iskar hunturu za ta zubo ɗan yashi da ganye a ramukan, wannan ba asara ba ce, ƙari ne, sai dai a ɗan kwashe in ya yi yawa.

Faɗin rami santimita 25 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20. Gindinsa ya zama a buɗe, kada ya tsuke. Ramin da ya kai wannan awo yana ɗaukar ruwa kusan lita 7 zuwa 14 a lokaci guda.

Ƙasar da ka tono ka tara ta a ɓangaren gangare, wato ƙasa da ramin, ka lanƙwasa ta ta rungume bakinsa, ka danna da bayan fartanya. Ɓangaren sama a bar shi a buɗe, ta nan ruwa zai shigo.

Hattara: wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. In ka tara ƙasar a ɓangaren sama, ka toshe wa ruwa hanya, kuma ruwan farko zai mayar da ita cikin ramin. In ka zagaye ramin da ita baki ɗaya, ba abin da zai shiga sai ɗigon da ya faɗo daga sama kai tsaye.

Ramukan layi na biyu kada su yi saiti da na layin farko. Kowane rami ya faɗo a tsakanin biyun da ke samansa, su ukun su zauna kamar duwatsun murhu. Ta haka ruwan da ya kuɓuce tsakanin ramuka biyu zai faɗa na uku.

Filin da ke tsakanin ramuka kada a taɓa shi. Kada a yi masa kaftu, kada a sa garma. Taurinsa shi ne amfaninsa, shi ke tattaro ruwa ya kai wa rami. A tazarar mita 1, ruwan milimita 20 lita 20 ne a filin kowane rami. A inda ruwa ya yi ƙaranci sosai a bar tazarar a mita 1, inda ya ɗan fi yawa a iya matsowa zuwa santimita 80.

6. Zuba taki

Rami babu taki rabin aiki ne. Za ka ga danshi, amma fako ba shi da abincin da zai ba shuka, sai gero ya fito siriri ya tsaya. Zuba cikin tafi biyu na takin da ya ruɓe sosai a kowane rami, makonni huɗu zuwa shida kafin ruwa ya sauka, ka yayyafa ƙasa kaɗan a kai, kaurin yatsa biyu, don kada iska ta kwashe ko rana ta ƙone shi.

Za ka ga gara ta zo. Kada ka sa mata magani. Ita ce ke huda ƙasar da ke ƙarƙashin ramin tana yin hanyoyi, ta nan ruwa ke bi ya nutse can ƙasa inda rana ba ta kai masa, saiwa kuma ta bi shi. Wannan ne dalilin zuba taki da wuri.

Hattara: ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona tsiro, kuma yana zuwa da irin ciyawa. Tara shi a rami ko a inuwa tun kaka, haɗe da toka da ragowar harawa, kana yayyafa ruwan wanke-wanke kana juyawa, har ya yi baƙi ya daina zafi. In takin juji ne, a tsince leda, gilashi da tsofaffin batura tukuna. Kada kuma ka cika ramin da taki har baki, dole a bar wa ruwa wurin zama, aƙalla rabin zurfin.

7. Shuka

Jira ruwa mai ƙarfi, milimita 20 ko fiye. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili nesa da bishiya da rufin ɗaki: in ruwan da ya taru ya kai santimita 2, milimita 20 ke nan. Bari ruwan ramin ya tsotse, sannan ka shuka washegari.

Ba na ba da shawarar binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, a tassa. Yayyafi kaɗan yana taruwa a rami ya isa ya tsirar da iri, amma bai isa ya raya shi ba in aka yi sati biyu babu ƙari. Ruwa mai ƙarfi kuma yana iya jawo laka ya danne irin da ke gindi.

Kada ka sa iri a tsakiyar gindin rami a kan taki. Sa shi a gefe, a jikin ramin ta wajen tudun ƙasar da ka tara, inda akwai danshi amma ruwa ba ya kwanciya a kansa. Gero ya fi dawa tsoron kwanciyar ruwa, don haka a wuraren da ruwa ya fi taruwa a gonar a sa dawa. Iri mai saurin nuna ya fi dacewa da gajeriyar damina: a irin gero, SOSAT-C88 sananne ne a Nijeriya, HKP kuma a Nijar, kuma irin gida da aka san yana yi a yankinku ba abin rainawa ba ne. A wanke iri da maganin da ke kare shi daga ƙwari kafin shuka.

Mai halin sayen takin zamani ba ya bukatar watsa shi. Giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku ke tsinka. Wannan shi ne awon da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa. A rami 2,500 kilo 15 na NPK ke nan, ko kilo 5 na DAP. Sa shi ɗan nesa da iri, kada su haɗu, kuma sai ƙasa na da danshi.

8. Cira da noma

Bayan mako biyu zuwa uku, a rage tsiro a bar uku masu ƙarfi a kowane rami, ranar da ƙasa ke da laima. Manomi yakan ji tausayin cirewa idan ya ga sun fito kore shar, amma tsiro goma a rami ɗaya za su shanye ruwan cikin 'yan kwanaki su tsaya gaba ɗaya ba zangarniya.

Ciyawa a cikin rami za ta fi yawa, tunda nan ne ruwa da taki suke. Cire ta da hannu ko ƙaramar fartanya. Kada a yi huɗa, kada a ja ƙasa a cike ramin. Bayan kowane babban ruwa a zaga a gyara tudun da ya ɓalle. In ƙuduji ya fito a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona.

Cikin takin akwai irin itatuwa da dabbobi suka ci, don haka za ka ga gawo, bagaruwa ko aduwa sun tsiro a wasu ramuka. Zaɓi 'yan kaɗan masu tazara ka bar su, ka sa musu alama don kada mai noma ya sare. Gawo musamman, tunda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa.

9. Inda rabin-wata ya fi tassa

In filin yana da faɗi, ko ruwan da ke gangarowa ya fi ƙarfin ƙananan ramuka, ko kana son ciyawar dabbobi da itatuwa, yi rabin-wata. Kafa turke a kan layin da ka auna, ɗaura igiya mai mita 2, ka zana rabin da'ira ta ɓangaren gangare, faɗin bakinta mita 4. Tona cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, ka tara ƙasar a bayan lanƙwasar ta yi tudu mai kamar santimita 30 zuwa 40, ka daddanna. Buɗaɗɗen bakin yana kallon ɓangaren sama, inda ruwa ke fitowa. Tsakanin wannan da na gefensa a bar mita 4, layi da layi ma mita 4, a saɓa su kamar yadda aka yi wa tassa. Da wannan awo hekta tana cin 313. Kowane ɗaya yana son taki kamar baro guda, a kuma shuka gurbi 20 zuwa 30 a ciki.

Hattara: ƙahonnin biyu dole su zama a kan daidaito ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ta nan ruwa zai zurare ya fara cin rami. In akwai duwatsu a jera su a ƙahonnin da bayan tudun.

10. Bayan girbi da shekara ta biyu

Yanke zangarniya, ka bar wani kaso na kara a kwance a gona maimakon kwashe shi duka ko ƙonawa. Na san kara yana da kuɗi da rani, ga dabbobin gida, amma ko kashi ɗaya cikin uku aka bari yana rage zafin ƙasa kuma yana kiran gara. Dabbobi za su tattake bakin ramuka idan an saki gonaki, wannan ba makawa, gyaran dai ya fi haƙan farko sauƙi ƙwarai tunda ƙasar ta riga ta buɗe.

A shekara ta biyu ka kwashe yashin da ya cika tsofaffin ramuka, ka mayar da shi kan tudun, ka tuge tsohon kututture. Ƙarfin takin bara bai ƙare ba, don haka rabin awo ya isa, sauran ka kai sabon rubu'in hekta da za ka buɗe. A shekara ta uku ka haƙa sababbin ramuka a tsakanin tsofaffi, ka sa wake a wasu layukan. Idan ka ga ciyawa ta fara rufe tsakanin ramuka, kuma ruwan bokiti yana nutsewa a inda a da yake gangarewa, wurin ya daina zama fako, kana iya mayar da shi noman da aka saba, ka bar jerin duwatsun a inda suke, ka matsa da digarka gaba.